Rabin Fuskar Gimbiya

Assalamu alaikum Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da yara da duk mutanen gida. Yaya ƙafar? Yaya kuma kunnen naki? Na daina kiran ki a waya ne don na gaji da ihu a tsakiyar shago, kwastomomi na jin sirrinmu, ke kuwa da ake yi domin ki ba ki jin komai. Gara in rubuta in ba direban da ke kawo mana kaya, tunda duk mako yana bi ta wajenku.

Gimbiya ta iso lafiya. Na ba ta ɗakin da ke bayan shago, na kai ta makarantar koyon aikin ofis ɗin da kaina, har ta fara zuwa. Yarinya ce mai ladabi, ba ta da hayaniya, ta wannan ɓangaren kin yi tarbiyya.

Amma Yaya, fisabilillahi, me ya hana ki gaya min halin da fuskarta ke ciki? Da ta cire gyale a ƙofar shago sai da na ce innalillahi. Ƙuraje ne daga goshi har haɓa, wasu sun yi farin kai, wasu sun nutse can cikin fata sun yi tauri, in ta yi dariya ma sai ta kama kunci. Mai gyaran gashin da ke aiki a wurina, wadda muke kira Rediyo don bakinta ba ya mutuwa, ta dube ta sama da ƙasa ta ce wannan ko ƙuda ne ya sauka sai ya yi tuntuɓe. Duk shago aka kwashe da dariya. Ni ma na dara, ba zan ɓoye miki ba, abin ne da ban dariya. Babanta, Allah ya jiƙansa, da ya laƙaba mata Gimbiya bai ga wannan zamanin ba.

Na tambaye ta me kuke shafa mata. Wai man goge baki, da lemun tsami, da wani sabulu mai kaushi da kike sa ta dirza da soso sau uku a rana. Haba Yaya! Fuska ce fa, ba gindin tukunya ba. Kina da ƙanwa mai haɗa man gyaran fata, mata na zuwa daga unguwanni masu nisa su saya, ki zauna kina dirzar 'yar cikinki da soso.

To ki kwantar da hankalinki, ta zo gidan magani. Sai dai akwai wata dabara da ta faɗo min, ina so ki ji daga bakina kafin wani ya kawo miki a karkace. Kin san kasuwarmu da hoto take tafiya, ga fuska kafin a shafa, ga ta bayan an shafa. To mata sun waye. Ko wane hoto ka sa sai su ce ɗauko shi ka yi a intanet, ko gyara shi aka yi da waya. Wata har cewa ta yi na sa hoton mutum biyu daban. Gaskiya ta faɗa, amma ai bai kamata ta faɗa a gaban mutane ba.

Shi ne na ce, ga shi Allah ya kawo min fuska har gida. Zan riƙa shafa mata haɗina a kuncin dama kaɗai, daga tsakiyar goshi a bi ta kan hanci zuwa haɓa, a bar na hagu yadda yake. Duk mai shakka ta zo ta gani da idonta, a fuska ɗaya, ta mutum ɗaya. Wa zai ƙaryata wannan?

Da na gaya mata sai ta ce ita dai in ba damuwa a shafa mata duka ko a bar mata duka. Na ce mata damuwa kam akwai. Ta yi ɗan kukanta na yara ta share. Na ce wata ɗaya ne kacal, daga nan in haɗa mata duka fuskar ta koma kamar ta jariri, har ke sai kin kasa gane ta.

Allah bai ba ni haihuwa ba, Yaya, kin sani. Wannan yarinya tawa ce, abin da zan yi wa 'yar cikina shi nake mata. Ki gaida kowa da kowa.

Taki har kullum,
Ƙaramarki

*

Assalamu alaikum Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar jiki. Na samu amsarki, na gode da addu'a. Man zafin da na ba direba na ƙafa ne, kar ki kai shi kusa da kunne, na san halinki.

Albishirinki! Wallahi da za ki ga kuncin daman Gimbiya yau sai kin yi guɗa. Cikin kwanaki kaɗan ƙurajen suka kwanta, jan ya tafi, fata ta yi sumul, har ta yi haske ta fi ɗaya gefen nesa ba kusa ba. In ta tsaya a gabanki sai ki rantse mutum biyu aka tsaga aka manna. Ni kaina da nake haɗa man nan a roba a ɗakin baya, ban san haka yake da ƙarfi ba sai da na gani a kanta.

Yanzu duk Asabar, ranar da shago ya fi cika, ina ɗora ta a kan doguwar kujerar nan ta kusa da ƙofa inda haske ke shigowa. Mata su yi layi. Wannan ta kama haɓarta ta juya dama ta juya hagu, waccan ta goga yatsa ta duba ko hoda ce. Wata tsohuwa har yawu ta sa a yatsa ta murza. Ni kuma in riƙe waya in tsaya kusa da ita mu ɗauki bidiyo tare, ina nunawa ina bayani. Kafin la'asar kwalabe sun ƙare. Na ƙara sayo robar haɗi babba, hannuna har ciwo yake don juyawa.

Matsala ɗaya, ita Gimbiyar ba ta iya sakin fuska ba. Ta zauna ƙiƙam kamar an dasa ta, ido a ƙasa, wani sa'in hawaye na bin kunci. Na ce mata in kukan ya zama dole ta karkata kai ya bi ta hagu, kar ta jiƙa min gefen kasuwa. Rediyo ta yi ta dariya har da riƙe ciki.

Kin tambaya yaushe za a fara shafa wa hagun, tunda wata ya wuce. Yaya, ki yi min uzuri. Wa ke rufe shago ana tsakiyar ciniki? In na gyara hagu yau, me zan nuna ranar Asabar? Ni tsorona ma kar ya lafa da kansa, don akwai makon da ya ɗan kwanta. Shi ya sa nake sa Rediyo ta ɗan goga mata man gashi a wurin ranar Alhamis da Juma'a, ya toshe ya taso sosai. Ba wani abu ba ne, ƙuraje ne dai, ba su taɓa kashe kowa ba.

Game da abin da ta rubuto miki a 'yar takardar da ta cusa wa direba, eh, gaskiya ne, 'yan ajinsu sun ga bidiyon. To sai me? Abin da aka sa don duniya ta gani. Wai suna kiran ta Dare-da-Rana, har wani ya zana ta a allo da alli, rabi fari rabi ɗigo-ɗigo. Yanzu da takunkumi take zuwa, irin na asibiti, ba ta cirewa ko za ta sha ruwa sai ta juya bango. Na ce mata masu dariyar nan iyayensu mata ne ke layi a shagona. Kuma na gaya wa direba, daga yau duk takardar da za ta zo miki daga gidan nan ta bi ta hannuna. Ba na son a riƙa tayar miki da hankali da ƙananan maganganu, ga ciwo kina fama.

Ba ta cin abinci sosai, amma kin san 'yan matan yanzu da son rama.

Ki huta lafiya, ki ci gaba da sa mu a addu'a, kasuwa ta buɗe.

Ƙanwarki mai ƙaunar ki,
Ƙarama

*

Yaya, sallama da gaisuwa.

Ina fatan kuna lafiya. Ni dai ba lafiya ba, raina a ɓace yake.

Ashe munafuka kika turo min. Shiru-shirun nan duk na ƙarya ne.

Ranar wanki na shiga ɗakinta in kwashe zanin gado, sai na ga rigar filo shuɗiya da na saya da tsada ta yi dabbare-dabbare, launi ya cinye a gefe ɗaya kamar an ɗiga mata bilic na wankin fararen kaya. Tawul ɗinta ma haka. Na san haɗina ba ya cin kaya. Na birkice ɗakin, sai ga su a cikin safa a ƙasan jaka, magunguna biyu irin na matsawa kamar man goge baki, da wani ruwan wanke fuska marar kumfa.

Da ta dawo na tsare ta. Ba ta yi musu ba. Wai wata malamarsu ce ta sa ta cire takunkumi a ofis, da ta gani ta ɗauke ta a motarta ta kai ta wurin likitar fata, tun makonni da suka wuce. Ni ina nan ina ɗauka tana aji.

Ki ji shirmen da aka ba ta. Ɗaya na safe ne, shi ke kashe ƙwayoyin cutar da ke cikin ƙurajen, shi ne kuma ɓarawon da ya ci min rigar filo. Ɗayan na kwanciya barci ne, wai shi ke buɗe ƙofofin fata da suka toshe, kuma kar a wuce girman ƙwayar wake a shafawa ɗaya. Ƙwayar wake, Yaya! Ni da nake cewa kwastoma ta lafta da yatsa uku. Wai kar a dirza, kar a matse, a wanke a hankali safe da yamma, a guji rana. Wai da farko fata za ta bushe ta yi saɓa, ƙurajen ma su ƙaru, sai an yi wata biyu zuwa uku kafin a ga amfani. In bai yi ba a ƙara da ƙwayoyin sha, in duk ya gagara akwai wani mai ƙarfi da sai an gwada jini kafin a ba mutum. Wane irin magani ne zai fara da ƙara maka ciwo? Da ni ce na gaya wa kwastoma ta jira wata uku, da kwalbar za ta jefe ni.

Da yake ni nake shafa mata na dama da hannuna kullum, ta san zan gane in ta taɓa shi, sai ta riƙa shafa nasu a hagu. Shi ya sa nake ta mamaki, duk man gashin da Rediyo ke gogawa hagun sai ƙara bushewa yake, ashe da ta shiga banɗaki take wankewa. Yanzu manyan ƙurajen duk sun kwanta, sai tabo-tabo da suke dushewa.

Wannan duk da sauƙi. Abin da ya hana ni sukuni shi ne daman. Ba na so in gaya miki, amma tunda magana ta fito, ga ta. Kwanan nan ya fara ja, ya feso da ƙananan ƙuraje iri ɗaya cunkus kamar an watsa yashi, fata ta yi sirara har kana ganin jijiyoyi ja-ja a ƙasa. Ta ce yana mata zafi kamar an goga barkono. Na ƙara mata yawan man, ya ɗan lafa kwana biyu ya dawo ya fi da. Asabar ɗin da ta wuce ƙarya na yi na ce ba ta da lafiya. Ni na tabbata baki ne, mata da yawa sun taɓa fuskar nan, ba kowane hannu ne na alheri ba.

Na ƙwace magungunan. Washegari sai ga malamar har shago, wata siririya da tabarau da jaka a kafaɗa, tana magana a hankali kamar mai gaisuwar mutuwa. Wai likita ta ce a gaya min akwai wani sinadari a haɗina, sitiroyid, shi ke kwantar da ƙuraje da wuri ya haska fata, daga baya ya cinye ta. Wai in aka daina yanzu aka bi magani a hankali fatar za ta iya dawowa, in aka ci gaba kuwa ramuka da baƙin tabo za su zauna mata har ƙarshen rayuwa. A gaban kwastomomi biyu ta faɗi haka.

Na bar ta ta gama tsaf. Sannan na tambaye ta ita ce uwarta ko ubanta, ita ke ciyar da ita, a ɗakinta take kwana? Na ce ta fara gyara baƙin da ke ƙarƙashin idonta kafin ta zo koya min sana'ata. Rediyo ta buɗe mata ƙofa ta ce a sauka lafiya, Malama. Gimbiya na tsaye a bakin labule tana kallo.

Ban san yadda zan yi da Asabar mai zuwa ba. Oda ta taru, kowa so take ta ga yarinyar kafin ta karɓi kaya. Ki rubuto mata ki ja mata kunne, ta san wanda ya riƙe ta.

Ƙanwarki

*

Assalamu alaikum Yayata ta kaina,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan ƙafa ta yi sauƙi. Ki yafe min zafin takardar da ta wuce, yanzu alhamdulillahi komai ya daidaita, har na fi da samun natsuwa.

Na karanta taki. Kin ce in mayar mata da maganin likita, kin kuma ce in ba haka ba in sako ta a mota. Na farkon na riga na yi tun kafin ki faɗa. Bari ki ji yadda aka yi, ki san ƙanwarki ba ta zo duniya kallo ba.

Ina zaune ina kallon tsofaffin bidiyon da muka ɗauka, raina a jagule, sai na lura da wani abu. Da kyamarar gaba nake ɗauka, wadda ke juya hoto kamar madubi, don haka gefen mai kyau kullum a hannun daman allo yake fitowa. Na kira ta na tsayar da ita, na juya waya na ɗauke ta da kyamarar baya. Yaya, sai ga kuncin hagu, wanda maganin likita ya gyara, ya faɗo daidai hannun daman allo, inda mutane suka saba ganin mai kyau. Wanda ya lalace kuma ya koma inda suka saba ganin ƙuraje. Na yi ta kallo ina dariya ni kaɗai kamar taɓaɓɓiya. Wa ke riƙe dama da hagun fuskar wani? Abin da suka sani, gefe ɗaya mai kyau na Anti ne, wato nawa, ɗayan kuma wanda ba a shafa ba.

A shago kuma na matsar da kujerar, na sa ta fuskanci babban madubi, mata su tsaya a bayanta su kalla ta ciki. Akwai ɗan baƙin ɗigon nan da aka haife ta da shi kusa da ido na dama, wata mai ido a tsakar ka ta tambaya ina ya tafi. Tun daga ranar nake rufe na gaskiyar da hoda, in ɗiga wani da jagira a hagu. Ba wadda ta ƙara magana. Cewa ma suke man ya ƙara kyau, wai yanzu gyara yake ba tare da ya ɗashe fata ba. Gefen da suke zaton ba a shafa ba kuwa, wai dubi yadda ya ƙara lalacewa, Allah sarki, gara mutum ya saya da wuri.

Saboda haka magungunan likita suna nan, ana amfani da su yadda aka ce, safe da dare, ƙwayar wake, ba ƙari ba ragi. Sai dai a durowata suke a kulle, ni nake shafa mata da kaina, a hagu. Da suka kusa ƙarewa na aika kantin magani da kwalayen aka sayo wasu. Daman kuma ina ci gaba da sa masa nawa. Na gwada dainawa kwana biyu ya kumbura har ido ya ƙanƙance, to kin ga ba a daina shi. Kuma tsakani da Allah, in ya warke me ya rage a nuna?

Ba zan ce miki tana jin daɗi ba. Shekaranjiya ina cikin shafa mata na safe ta riƙe min hannu, ta durƙusa har ƙasa, wai don darajar babanta in bar ta ta goga abin da ya rage a yatsana a daman, ko sau ɗaya a rana. Wai ta fara jin ramuka in ta taɓa. Na ce ta daina taɓawa mana. Na goge yatsan a tsumma na kulle durowa. Daga baya na ji ta a banɗaki tana wani irin kuka ƙasa-ƙasa, wallahi sai da zuciyata ta karye, na kasa jurewa, na kunna na'urar busar da gashi har ta gama.

Makaranta kam ta daina zuwa, takunkumin na goge mata wurin yana fashewa. Ban matsa mata ba, ta huta, shekara mai zuwa na nan.

Zancen dawowa gida, ki ƙara haƙuri kaɗan. Akwai wata babbar 'yar kasuwa mai shaguna a garuruwa da dama, ta ga bidiyo, tana so ta riƙa sarar haɗina katan-katan. Sharaɗinta ɗaya, ta zo ta ga yarinyar ido da ido, ta wanke mata fuska da hannunta. Ƙarshen wata za ta zo. In wannan ya faɗa, Yaya, ni da ke mun huta, har kunnen nan sai an kai shi babban asibiti. Daga ranar na yi miki alkawari zan bar ta ta shafa abin da ta ga dama a inda ta ga dama. 'Yan makonni ne, fuska ba ta gudu.

Ki gaishe min da yara. Ita ma tana gaishe ki.

Taki,
Ƙarama

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya. Wannan takardar tare da 'yarki za ta iso, na ce wa direba ya ajiye ta a ƙofar gida. Kar ki firgita in kin ga bandeji, an duba ta, ba abin da ya samu idon.

Ranar da matar za ta zo, tun safe na gyara shago, na jera katan, na sayo lemo mai sanyi. Na ce wa Gimbiya ta je ta yi wanka ta sa farar rigar da na ɗinka mata. Ta ce to. Rabon da in ji ta amsa min da sauri haka har na manta, na ce a raina yau yarinya ta yi hankali.

Akwai wani ruwa da nake ajiyewa a saman kanta, na saɓe kaushin ƙafa da baƙin gwiwa. Mai ƙarfi ne, da safar hannu muke taɓa shi, a ɗiga kaɗan a wanke nan take. Ta sha ganin Rediyo na yi wa mata. Ban ga lokacin da ta ɗauka ba.

Matar ta iso da ƙawarta, mun gaisa, sun zauna, na ƙwala wa Gimbiya kira. Ta daɗe. Can ta ɗaga labule ta fito cikin farar rigar, ta wuce mu, ta hau doguwar kujera da kanta, ta ɗora hannuwa a cinya. Ashe ta jiƙa auduga da ruwan nan ta manna a kuncin hagu, ta bar shi tun shigarta banɗaki. Da audugar ta zame, fatar ta yi fari fat kamar dafaffen ƙwai, gefe-gefe ya yi ja ya tashi. Kuncin nan da na yi wata da watanni ina lallaɓawa da hannuna, ya yi sumul ko ɗigo babu. Gumi na zuba mata, amma ko ƙara ba ta yi ba. Ta dube ni ta cikin madubi ta ce, Anti, yanzu sun yi daidai, sai ki sallame ni.

Ƙawar matar ta fasa ihu. Rediyo ce ta ja Gimbiya zuwa famfo ta yi ta kwarara mata ruwa. Ita 'yar kasuwar ta ɗauki jakarta, ta dube ni, ta dubi katan ɗin, ta fita ko lemon ba ta buɗe ba.

A asibiti likitar nan tasu ce ta duba ta. Ta ce na hagu ƙuna ce mai zurfi, za ta warke amma da tabo. Na dama kuma an makara, za a iya rage jan da ƙurajen, ramukan dai sun zauna. Ta yi min wani kallo ta ce in fita waje in jira. Magungunan da ta rubuta suna cikin leda a saman jakarta, da takardar yadda za a sha da yadda za a shafa. Yanzu kam sai ta shafa ko'ina, ba mai hana ta.

Yaya, na yi kuka. Na yi kuka kamar raina zai fita. Kwana ɗaya ya rage mata, wuni ɗaya ma, ta zauna a wanke mata fuska a gama. Wace irin zuciya ce da yarinyar nan? Na ba ta ɗaki, na ba ta makaranta, na saya mata maganin likitan da take so da kuɗina, ta rasa ranar da za ta saka min sai wannan. Ban dake ta ba, Allah shaida, don darajarki. Amma ba zan iya ci gaba da kallon fuskar nan a gidana ba, kwastomomi ma tsorata take ba su.

Ki kula da ita, kar ta shiga rana. Madubin ɗakinki ki ɗan sauke shi na kwana biyu. Kuma kar ki yarda da duk abin da za ta faɗa miki, ba ta cikin hayyacinta.

Direba ya ce min da ya kawo miki saƙo wancan makon ya ga ƙanwar Gimbiya a ƙofa, ta yi tsawo masha Allah, wai ita ma sun fara feso mata a goshi da kumatu. Don Allah kar ki sa mata soso, kar ki bari ta shafa komai. Ɗakin baya na nan ba kowa, na sa an wanke an canza rigar filo. In an yi hutu ki turo min ita.

Ki gaida kowa.

Taki har kullum,
Ƙaramarki